Shekarar Da Aka Ce Na Ɓoye Iri

Sallar layya da ta wuce, bayan an gama suya an baje a tsakar gida, na ji babbanku Abba yana ba jikoki labarin shekarar da ruwa ya ɗauke. Yana yi yana kwaikwayon tafiyar mahaifinku da sungumi a kafaɗa, yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce kakansu mutum ne mai taurin kai, rediyo ta ce kada a yi shuka, shi ya ce ba ya noma da rediyo, ya je ya zuba iri rana ta ƙone shi. Ya ce ba don Hajiya ta yi dabara ta ɓoye rabi a tulu ba, da yau babu irin Baffa a duniya. Kowa ya waiwayo yana dubana da fara'a. Kun dai san ni, ba na iya magana a taro, kafin in haɗa kalma biyu an wuce zancen. Amma abin ya tsaya mani a rai, don wanda ake wa dariyar ba ya nan balle ya kare kanshi, kuma ko yana nan ba zai kare ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Rubutun nawa na makarantar yaƙi da jahilci ne, wadda na shiga bayan na yaye Auta. In kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi a zuci.

Sai na fara da irin, don jikoki ba su san abin da ake magana a kai ba. Gero ne da Baffa, mahaifin mahaifinku, ya bari. Gajere ne, zangarniyarshi ba ta da tsawo amma cike take dam, kuma yana riga na kowa nuna. Lokacin da na maƙwabta yake fitar da kai, mu ana gasa mamu tumu. Ba a sayen shi a kasuwa, ba shi ma da suna sai irin Baffa. Duk kaka akan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a ɗaure, a rataye a rufin madafi inda hayaƙi zai riƙa dukanta, ƙwari ba su kusanta. Surukata ce ta danƙa mani wannan aiki tun ina da ɗa ɗaya, ta ce iri ba ya son hannu mai gaggawa. Daga ranar nan madafina ya zama ma'ajiyarshi.

Gonar tana can gaba da Batagarawa, kuma ba a raba ta ba bayan rasuwar Baffa. Gandu ce tsakanin mahaifinku da wanshi, wanda kuke kira Baba Babba, ni kuma nake ce wa Yaya. Malam, wato mahaifinku, tela ne, rumfarshi tana nan bakin hanya a Ƙofar Kaura, noma yakan zo mashi ne da damina. Yaya kuwa manomi ne tun tasowarshi, bai san wata sana'a ba. Al'adar gidan ita ce, in aka yi ruwan farko mai ƙarfi, babban gida ne zai je gona da safe ya tona ƙasa da hannu. In laima ta wuce mashi wuyan hannu, sai ya yi bisimilla ya yi saran farko, sannan kowa ya bi. Shi yake faɗin ranar shuka, ba a yi mashi gardama. Haka Baffa ya yi, haka Yaya ya gada. Ban taɓa jin an zauna an ce ga dokar ba, amma ban taɓa ganin an karya ta ba.

A shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka haɗu. Na ɗaya, kakar da ta gabata tsuntsaye sun yi mamu ɓarna, abin da aka samu na iri bai kai yadda aka saba ba. 'Yan uwan da a da suke da shi duk sun koma ga irin zamani, saboda haka abin da ke rataye a madafina shi ne kaɗai ya rage. Na biyu, da rani hawan jini ya kayar da Yaya. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma yana jan ƙafa, idonshi kuma ya yi hazo. 'Ya'yanshi don tausayi suka karɓe kekenshi, suka hana shi zuwa kasuwa. In za a yi suna ko ɗaurin aure a gidan, sai su gama shawara sannan su zo su sanar da shi. Mutumin da a da ba a yanka ko kaza sai ya ce a yanka, ya koma zaman zaure yana sauraron takun masu wucewa. Ranar shuka kaɗai ta rage a hannunshi.

Ni kuwa a lokacin ina koko na sayarwa, rediyona yana rataye a ƙusa kusa da murhu. Da bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, sai shirin manoma na safe ya fara kawo bayanin masu hasashen yanayi. Sukan fara da na nesa, ƙasashen bakin teku da suke shirin shiga lokacin guguwa mai ɗaga rufin gidaje, sannan su gangaro wajenmu. Abin da suka yi ta maimaitawa shi ne, bana ruwa zai sauka da wuri a yankinmu, amma kada manomi ya ruɗu, zai ɗauke ya daɗe bai dawo ba. Suka ce a jira sai damina ta zauna. Ban san yadda suke gane wannan ba, har yau ban sani ba, amma na ji shi sau da yawa har na kasa yin shiru. Wata safiya Malam yana shan koko kafin ya fita rumfa, na ce mashi:

“Malam, ka ji abin da suka ce yau ma?”

“Su wa?”

“Masu duba yanayi.”

“To mi suka hango mamu? Ko guguwar teku ce za ta biyo hanyar Jibiya?”

“Sun ce ruwan farko ba na shuka ba ne.”

“Allah ne masani.”

“Su ma da haka suka rufe.”

Ya yi murmushi ya ajiye ludayi, ya ce kokon yau ya yi tsami. Ku kuma da kuke makaranta a lokacin, da kuka ji ina maganar, sai kuka ɗauke ta da ƙarfi. Abba har da kawo bayanin da malaminsu ya yi masu a aji.

Ruwan ya zo wata la'asar. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe mani faifai biyu, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Lungunmu ya zama rafi, yara suna wanka ƙarƙashin indararo, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Kowa ya ga ruwan nan zai ce damina ta sauka. Da gari ya waye, hanyar Batagarawa cike take da babura da kekuna, kowane da sungumi ɗaure a baya. Malam ya goya Yaya a babur suka tafi gona, hantsi ya yi suka dawo suka zauna a zaurenmu. Na kai masu ruwa na tura ta ƙarƙashin labule, don ni da Yaya gaisuwa ce kawai take haɗa mu, ita ma daga nesa. Amma zaure da tsakar gidanmu bango ɗaya ne, ina jin su.

“Laima ta wuce wuyan hannu,” in ji Yaya. “Gobe in Allah ya kai mu, mu shuka.”

Malam ya ce:

“Yaya, ana ta wata magana a rediyo, wai ruwan zai ɗauke.”

“Rediyon ta taɓa sa hannu cikin ƙasa?”

“A'a.”

“To. Ko kai ma ka bi layin yara ne, Haruna? In ka ga na ƙare ka gaya mani, sai in miƙa maka sungumin in koma in zamna.”

Muryarshi ba ta faɗa ba ce. Da faɗa ne da ya fi sauƙi. Na ji Malam ya gyara zama.

“Haba Yaya. Gobe mu shuka.”

Abba, kana tsaye a ƙofar zaure a lokacin, kai da ɗan Yaya na biyu. Da mahaifinku ya fito raka Yaya, ka tare shi da maganar hasashe, shi kuma ya ɗaga murya yadda bai saba ba ya ce shi ba ya noma da rediyo. Wannan gaskiya ka faɗa, ya ce haka. Abin da ba ka lura ba shi ne, Yaya yana taku biyu a gabanshi yana jan ƙafa, kuma kunnenshi lafiya lau yake. Ba kai aka yi wa maganar ba.

Bayan azahar, kuna makarantar allo, sai ga Malam ya shigo madafi. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ya shiga ba, har kanshi ya bugi bakin ƙofa. Ya ce in sauko da irin duka in sussuke. Na sauko da shi, na sussuke, na sheƙe, na zuba a babban faifai. Ya tsuguna ya sa gefen hannu ya raba shi biyu, kashi ɗaya ƙarami, ɗaya babba. Ya tura mani babban.

“Wannan ki zuba a tulu, ki sa toka, ki liƙe bakin. Wannan ƙaramin kuma a ƙwaryar Yaya za shi. Sai ki auno mani hatsin tuwo a buhu, shi mu za mu bi da shi sauran gonar.”

Na dube shi. Hatsin tuwonmu na kasuwa ne, namu ya ƙare tun da rani.

“In kuma ruwan bai ɗauke ba fa, Malam?”

“Sai mu girbe geron kasuwa bana. Iri shina nan sai baɗi.”

“Yaya fa?”

“Yaya ya ce a shuka, za a shuka. Abin da ya rage mashi ke nan, ba ni zan karɓe ba. Amma irin Baffa ma ba zan zuba shi duka a ruwa ɗaya ba.”

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, hayaƙi ya sa idonshi ruwa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wannan magana ta ƙare a madafin nan. Na ce to. Ku duba da kyau, a nan labarin Abba ya kauce hanya. Hannuna ne ya liƙe tulun, amma ba ni na raba irin ba.

Washegari aka yi shuka. Da yamma Malam ya dawo jikinshi a sanyaye, ya ce mani ƙwaryar Yaya ta ƙare kafin a kai tsakiyar gona, kafin ya ankara Yaya ya lallaɓa ya tsoma hannu a buhu ya cika ta. Ya ce gabanshi ya faɗi, amma Yaya ya ci gaba da jefa iri yana takewa da ƙafarshi mai lafiya. Muka ce Allah ya rufa asiri, idon ne bai gani ba.

Shuka ta tsiro gwanin kyau. Daga nan sama ta washe. Hadari yakan haɗu da la'asar har mu kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Aka shiga mako, aka fita, aka shiga wani. Zafin da ya dawo ya fi na bazara, don wancan ana yin shi da sa rai, wannan kuwa da iri a ƙasa. Aka fita roƙon ruwa, maza suka juya riguna, mu tsofaffin mata muka yi sadakar gumba. Rediyo kullum maganarta ɗaya, a ƙara haƙuri, waɗanda ba su shuka ba kada su yi gaggawa. Har na fara jin haushinta, kamar ita ta riƙe ruwan. Wata rana Malam ya dawo daga gona ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye mani a kan murfin tukunya. Tsiron gero ne, ya bushe ya murɗe kamar zaren da ya sha wuta. Ya ce duk gonar haka take. Takin da aka kai da wahalar da aka sha duk sun tafi.

Yaya kuwa ya kwanta. Ba ciwon ne ya tashi ba, kwanciya kawai ya yi ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske. Matarshi, Yaya Kulu, ta ce baƙin cikin iri ne, yana ganin shi ya ƙarar da abin Baffa da hannunshi. Mu ma haka muka ɗauka. Ga tulu a bayan ƙofar ɗakina, ga mutum yana ramewa a kan abin da ke cikin tulun, kuma babu halin magana.

Da ruwa ya tashi dawowa, ya dawo da gaske. Aka yi na farko, aka yi na biyu a bayanshi, rediyo ta ce yanzu damina ta zauna, amma ta ragu, a nemi iri mai saurin nuna. Irin Baffa ke nan, kamar don shi aka yi maganar. Sai dai fito da shi ne aiki. Da safe na tarar da Malam zaune a bakin gado ya sa tulun a gaba yana kallo, ko rumfa bai fita ba.

“Zan tahi in gaya mashi gaskiya,” ya ce. “Bari in yi wanka.”

Ya shiga wanka, ni kuma na tsaya da tsintsiya a hannu ina tunani. In Malam ya je ya ce shi ya raba irin, to ya gaya wa wanshi ke nan cewa tun ranar nan a zaure bai yarda da hannunshi ba, ya ce mashi to a baki, ya zagaya ya yi wani abu. 'Ya'yanshi sun karɓe keke, ƙane kuma ya karɓe shuka, har da wasa da hankali. Ban ga yadda gandun nan zai kai baɗi ba. Amma in mace ce ta yi, mai sauraron rediyo a bakin murhu, sai a ce halin mata ne, a yi tsaki a wuce. Ban yi shawara da kowa ba. Na yafa mayafi, na ɗora tulun a ka, na fita tun ruwan wankan Malam bai daina zuba ba.

Gidan Yaya ba nisa, lungu biyu ne. Na yi sallama, Yaya Kulu ta amsa tana kallon tulun. Na ce wurin Yaya na zo. Ta yi mamaki, don ban taɓa ba. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinshi, muka gaisa, ya kwana, ya jiki, ya ruwa. Tun da aka kawo ni Amarya yake ce mani, har na yi furfura bai canza ba.

“Amarya, lahiya da sassafe?”

“Lafiya lau, Yaya. Irin Baffa ne na kawo. Ba duka aka shuka ba.”

Yaya Kulu ce ta fara magana daga bayana.

“Ashe abin da karatun naki ya koya maki ke nan. Maza su ce a kawo iri, ki zaɓi wanda za ki ba su.”

Yaya ya tashi zaune da ƙyar, ya ce a matso mashi da tulun. Ya fasa liƙin, ya tsoma hannu har gwiwar hannu, ya daɗe yana murza ƙwayar a cikin toka.

“Haruna ya sani?”

“Ni na zuba shi a tulu, Yaya. Ni na liƙe bakin.”

Ban yi ƙarya ba, ban kuma amsa abin da ya tambaya ba. Ya ce hm. Sannan ya ce wa Yaya Kulu ta dama mashi fura, ni kuma in gaya wa Haruna gobe da sassafe ya zo da babur.

A lungu na haɗu da mahaifinku yana sauri, hularshi a karkace. Ya ga kaina babu tulu. Sai da muka shiga gida ya tambaye ni.

“Wa ya aike ki?”

“Babu.”

“Kin san abin da za a ce?”

“Za a ce mace ta yi halinta, a yi kwana biyu a manta. Naka ba za a manta ba.”

Daga baya ya ce in ba shi kokonshi, ya makara.

A nan na yi kuskuren lissafi, don ba a manta ba. Yaya Kulu ta yi shekaru tana amsa gaisuwata da baki ɗaya. A gidan biki in na shigo, akwai mai cewa a rufe tukwane ga mai ɓoyo ta iso, a yi dariya, ni ma in yi. Wannan bai dame ni ba sosai. Wanda ya fi ciwo shi ne yabon. Labari ya zaga unguwa cewa matar tela ta fi mijinta hankali, abokan rumfarshi suna tsokanarshi, in hadari ya taso su ce ya aika gida a tambayo ko su kwashe kaya. Ku ma kuka tashi da shi a haka. Sau da yawa na so in buɗe baki, sai in ga ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. In kuna tsokanarshi har taya ku yake, ya ce ai shi da rediyo sai dai labarin ƙwallo.

Shukar ta biyu ta kama. Daminar ta yi mamu tsawo a ciki, don lokacin da muka saba cin sabon hatsi ya zo ya wuce gero bai nuna ba. Ita ce shekarar da kuka ƙosa da garin kwaki da kwaɗon rama, Auta har kuka take in ta ga kwanon. Amma gajeren geron nan ya riga ɗaukewar ruwa. Ba a cika rumbu ba, an dai samu na ci da na iri. Kada kuma ku ɗauka rediyo ba ta kuskure. An yi shekarar da ta ce a jira, waɗanda ba su jira ba suka fi kowa hatsi. Malam yakan ce su ma masu hasashen hannu suke sawa, sai dai nasu a sama.

Da aka kawo amfani gida, Yaya ya zo zaɓen iri kamar yadda ya saba. Aka shimfiɗa mashi tabarma a zaure, aka zube zangarniya a gabanshi, yana ɗauka yana shafawa, wata ya ajiye dama wata hagu. Malam ya tafi rumfa. Can sai na ji ya kira ni. Na zo na durƙusa bayan labule, ya turo mani iri ta ƙasa. Ɗauri biyu ne, ba ɗaya ba kamar kullum.

“Ɗaya na ruwan farko, ɗaya na tulu.”

“To, Yaya.”

“Wannan hatsin tuwon naku da muka shuka, ƙwayarshi ta cika girma. Ku canza wurin awo, bai da gari.”

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ya yi 'yar dariya.

“Ido ne ya tahi, Amarya, hannu shina nan. Tun da na tsoma shi a buhu na sani. Kuma na san ba mace ce za ta auna hatsin tuwo ta ba mai gida a matsayin iri bai sani ba.”

“To kwanciyar da ka yi fa, Yaya?”

Ban san lokacin da tambayar ta fita ba.

“Ba iri nike wa ba. Kunyar hannuna ce, da ya ce a shuka. Sannan ina jira in ga wa zai kawo tulun. Da shi ya kawo, dole in yi hushi, don ni ne babba. Da ke kika kawo, sai na sha fura.”

Ya laluba sandarshi ya miƙe. Har ya kai ƙofa ya juyo.

“Kada ki gaya wa Haruna na sani. Yaro ne mai kunya.”

Yaron nan a lokacin gemunshi ya fara fari. Haka na zauna da amana biyu a gida ɗaya, ƙane ya ce kada wa ya ji, wa ya ce kada ƙane ya ji. Yaya bai ga wata damina ba, Allah ya karɓi abinshi da bazara, ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Allah ya jiƙanshi. Gandun bai rabu ba sai bayan shekaru, shi ma cikin lumana, da yara suka yi yawa. Shekarar da mahaifinku ya fara sa hannu a ƙasa a matsayin babba, ya dawo ya zauna kusa da ni ina tankaɗe, ya ce abin mamaki, Yaya har ya rasu bai taɓa tambayarshi me ya sa buhun ranar nan ya fi irin da aka rataya yawa ba. Ya dube ni. Na ci gaba da tankaɗe. Iyakar abin da muka taɓa yi ke nan a kan maganar, har shi ma ya tafi. Allah ya haskaka kabarinshi.

Yanzu dukansu biyu ba su nan, Yaya Kulu ma ta bi su, babu wanda zai ji kunya in na faɗa. Abba, in Sallah ta zagayo ka ba yara labarin, ba na hana ka kwaikwayon tafiyar, haka yake tafiya. Amma ka kai shi har madafi, inda ya bugi kai.

Jiya da safe na ji a rediyo, bana ma sun ce a yi hattara da ruwan farko. Madafin matarka ba hayaƙi, shi ya sa irin yake wurina har yanzu. Na sauko da shi na raba. Tulun yana bayan ƙofa, na sa toka na liƙe bakin. Kai ne babba yanzu. Ranar da ka ce a shuka, za a shuka.